Kawu da Ƙofar da Na Bari a Buɗe

Daga Allah muke, kuma gare shi muke komawa, babba da yaro. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa da ke cikin garin Daura, bayan jinyar wata huɗu. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Yau kwana tara ke nan, kuma har yanzu in na zauna shiru muryar liman nake ji a ƙofar gida, gawa na kan makara, yana cewa duk wanda mamaci ya saɓa wa ya dubi girman Allah ya yafe masa. Jama'a suka amsa, "Mun yafe, mun yafe." Wasu sun faɗe ta kamar yadda ake faɗa a kowace jana'iza. Amma na san muryoyin 'yan tike, dillalan shanun da muka shekara shida muna aiki tare, kuma na ji yadda suka ja tasu, irin yafiyar wanda yake ganin da gaske an cuce shi, ya dai haƙura ne. Ina sahun gaba, ban buɗe baki ba.

A zaman makoki kowa ya zo da Kawun da ya sani. Tsofaffin abokan aikinsa na ofishin wayar tarho suka ce a shekara talatin ba su taɓa ganin ya bar waya tsirara ba, ko a inda ba mai gani. Maƙwabcinsa ya ba mutane dariya da labarin kwaɗo: in Kawu ya kulle ƙofa sai ya ja kwaɗon sau biyu, ya yi taku uku, ya dawo ya sake ja. Dariyar ba ta daɗe ba. Ta bayana na ji wani dillali daga Zango yana raɗa wa na kusa da shi cewa Allah dai ya jiƙan rai, amma shanun matar nan ta wajen Mashi ba aljani ne ya canza musu mai su ba. Can ƙarshen tabarma kuma akwai wani makiyayi daga wajen garin Babban Mutum, dogo, yana karkata kai in ana magana domin kunnensa na hagu ba ya ji. Ya yi mini ya haƙuri, ya nemi wuri ya zauna, kwana uku yana zuwa.

Ga wanda bai san aikinmu ba, bari in faɗa a gajarce. Da satar shanu ta yi ƙamari, ƙungiyar 'yan tike ta yankinmu ta ce a riƙa yi wa dabbobi rajista: hoton saniya ta gaba da ta gefe, shaidar da ke jikinta, sunan mai ita da garinsu. Ran kasuwa, kafin a sayar, sai a ɗauki hotonta da waya a tambayi rajista. In ta nuna mai ita ne ya kawo ta, a ba da takarda. Rajistar tana zaune a kan saba uku, wato manyan kwamfutoci, a wani ɗaki bayan ofishin ƙungiya, hasken rana ke ba su wuta. Kawu aka damƙa wa ɗakin, domin da ya yi ritaya, maimakon ya zauna a dakali yana tsokanar masu wucewa kamar sa'o'insa, sai ya sayi tsohuwar kwamfuta ya duƙufa har ya iya. Ni kuma na dawo daga Kano da digiri a hannu da girman kai a ka, ba aiki, ga mata da goyo. Bai yi mini wa'azi ba. Ya sa kafinta ya yi mini kujera, ya ajiye ta kusa da tasa.

Manhajar rajista ba dunƙule ɗaya ba ce. An raba ta ƙanana-ƙanana, kowace an rufe ta da kayan aikinta a cikin abin da ake kira kwantena: wannan karɓar hoto kawai take yi, waccan neman kama, wata buga takarda. A samansu akwai wata manhajar mai juya su, ita ke cewa wannan ta zauna a saba kaza, in ɗaya ta mutu ta tashi wata. Sunanta na Turanci yana karya wa Kawu harshe, sai ya sa mata madugu, mu ma muka bi. To a irin waɗannan na'urori akwai matsayin mai gida, wanda ba a ce masa a'a, ana kiransa rut. Masu haɗa kwantena da yawa, don gudun wahala, sukan sake ta da wannan matsayi. Kawu ya rubuta wa madugu doka cewa duk kwantenar da ta zo a matsayin rut kada ya bar ta ta tashi. Kowace sai ta yi aiki a matsayin ƙaramar ma'aikaciya mai lamba, ba ta rubutu sai a lungun da aka ware mata, ba ta kuma iya ƙara wa kanta girma. Izinin taɓa wannan doka a hannunsa kaɗai yake.

In an kawo sabuwar kwantena, yakan sa tabarau ya bi takardar tsarinta da yatsa a kan gilashin kwamfuta, layi-layi, kamar mai bitar allo. Tambayarsa ɗaya ce: me aka aike ta? Yakan ce, "Wanda aka aika ɗebo ruwa, me ya haɗa shi da makullin rumbu?" Na ji wannan magana har na iya kwaikwayonta da muryarsa, kuma na sha yi a bayan idonsa ana dariya. 'Yan tike ma sun sa masa suna Malam Ba-a-yi, don duk wanda ya zo neman a ɗan gyara masa abu ta bayan gida, amsar ke nan.

Sau ɗaya na ga dokar ta yi masa rana, kuma ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Da safe na shigo na same shi yana dariya shi kaɗai. Ya nuna mini tarihin na'ura: wani ya samu rauni a kwantenar karɓar hoto ya kutsa ciki. Ya so ya rubuta, an hana shi. Ya so ya zama rut, an hana shi. Ya yi ta gwadawa har ya gaji ya fita. Kawu ya ce baƙo ya shigo zaure ya yi ta laluben bango, ko tabarma bai samu ya naɗe ba. Ranar ya aika aka sayo fura da nono, har maigadi ya sha.

Ba taurin kai kaɗai gare shi ba, kada a zalunce shi. Ranakun da ba kasuwa yakan hau tsohon babur ɗinsa ya bi rugage, yana yi wa waɗanda ba za su iya zuwa gari ba rajista. Na raka shi wata ruga ta wajen Mashi, wurin wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata marayu da shanu tara. Tana riƙe da kowace saniya tana faɗin sunanta da halinta, wannan mai harbi ce, waccan ita ke ciyar da gidan. Rajista ba ta da gurbin sunan saniya, amma Kawu ya rubuta su duka a wurin ƙarin bayani. A hanya na ce masa ɓata wuri ne. Ya ce ai ita da sunan ta san su, ba da lamba ba.

Rigimarmu ta faru bara, ran wata kasuwa. Tsohuwar kwantenar neman kama ta daina gane hotunan sababbin wayoyi, muka karɓo sabuwa daga wasu matasa a Kano. Da safe muka miƙa wa madugu, ya ƙi ta, domin an gina ta ne ta yi aiki a matsayin rut. Muna cikin dubawa waya ta shigo daga kasuwa. Wani makiyayi ya kawo farin bijimi, wani mutum ya rantse nasa ne da aka sace, masu gadin kasuwa sun riƙe makiyayin, jama'a sun taru. Ba shi da takarda a jikinsa, sunan da ya bayar kuma ba mu same shi ba, ashe da sunan wansa aka yi rajistar. Hoto kaɗai zai fid da shi, kuma na'urar neman hoton ce a kwance.

Na ce wa Kawu a ɗage dokar na awa ɗaya, minti biyu ya ishe ni in tashe ta. Ya ce ba a yi. Ya ce kwantenar da ba mu san cikinta ba, a ba ta rut a kan sabar da rajista take, ran da idon kowa ke kanmu, gobe kuma wani uzurin zai zo wanda ya fi wannan. Ya kira sarkin tike ya roƙe shi da Allah a tsare mutumin kada a taɓa shi, ya sa ni bin hotunan fararen bijimai da ido, shi kuma ya zauna sake gina kwantenar: ya ba ta ƙaramin matsayi, ya ware mata lungun rubutu, ya sauya mata ƙofar da take sauraro. Yana kuskure yana gogewa. Daga hantsi har bayan azahar. Da ta tashi, nan take ta nuna bijimin na gidan makiyayin ne. Amma kafin nan an fi ƙarfin sarkin tike, an ɗaure mutumin a turke, wani ya sauke masa gora a gefen kai. Shi ne mai zama a ƙarshen tabarma.

Da labarin ya iso na miƙe tsaye a kan Kawu, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Kawu, dokarka ta fi maka ɗan Adam. Kunnen mutumin nan a wuyanka yake." Bai ɗago ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce in kashe fanka in zan fita. Washegari da sassafe ya hau babur sai Babban Mutum. Mun yi mako uku ba ma magana sai ta aiki.

Wata biyu bayan haka ya kira ni ya ce idonsa ya fara gajiya, ya ba ni izinin taɓa dokar madugu, irin nasa sak. Na ɗauka na ci nasara ne. A cikin makon na ware wani lungu a sabar, na gaya wa madugu cewa dokar ba ta aiki a nan, na ajiye wata ƙaramar kwantena ta gaggawa a matsayin rut, wadda take iya kaiwa ga faifan sabar, kuma ina iya shiga ta daga waya. Na ce wa raina in irin ranar can ta sake zuwa, ba za a daki kowa ina kallo ba. Niyyata ke nan, Allah shaida ne. Ban faɗa wa Kawu ba. Irin ranar ba ta sake zuwa ba, ni kuma na manta da kwantenar, ban sabunta ta ba ko sau ɗaya.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wata biyar da suka wuce aka kore shanun matar nan ta ruga, duka tara. Ta kai kuka, aka baza cigiya a kasuwanni, kowa ya ce ai suna cikin rajista, ba inda za su. Ashe an riga an sayar da su da takarda mai kyau, tamu, an loda su a mota an yi kudu. Wani ya shiga ta kwantenata, ya samu kansa rut, ya isa rajista ya sauya sunan mai su. Bai damu da goge wurin ƙarin bayani ba. Da Kawu ya buɗe shafin, ga sunan wani baƙo a sama, ga sunayen shanun a ƙasa yadda ya rubuta su da hannunsa.

Yini guda ya yi yana bin sawu da yatsa a kan gilashi, ina zaune a kujerar da ya sa aka yi mini. Da la'asar yatsan ya tsaya. Duk canjin da aka yi wa madugu yana ɗauke da sunan wanda ya yi shi. Ya ce, "Hannunka ne wannan?" Na ce eh. Ya ce in rufe ta. Na rufe yana kallo, ya sa na sake dubawa sau biyu. Sannan ya ce, "Kana da 'ya'ya uku, kana da sauran shekaru a garin nan. Ni na ba ka izinin ban bi bayanka ba. Ni zan amsa."

Da na so, da na ce a'a. Na san haka a lokacin, ba sai yau ba. Na yi shiru domin na ji sanyi a raina, kuma wannan sanyin shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk rayuwata.

A gaban kwamitin ƙungiya ya ce ƙofa aka bari a buɗe a ɗakin da yake kula da shi, don haka laifin nasa ne. Aka tambaye shi wa ya buɗe, ya ce ya riga ya ba da amsa. Ya ajiye makullin ɗakin a gaban sarkin tike ya fito. 'Yan tike ba su san rut ba, ba su san madugu ba, abin da suka sani shi ne mutumin da ya shekara shida yana ce musu ba a yi, ga shi an yi a ɗakinsa kuma ya ƙi bayani. Magana ta zaga kasuwanni cewa an saye shi. Aka ba ni riƙon ƙwarya, har ana yaba mini. Wata guda bayan haka ɓarin jikinsa ya shanye. Ina zuwa duba shi kullum bayan la'asar, matarsa, wadda muke kira Inna, tana kawo mini tuwo. Bakinsa ya karkace, da ƙyar ake gane maganarsa, amma kullum sai ya tambaye ni ko madugu ya ƙi wata yau. In na ce ya ƙi, sai ya lumshe ido.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa, sarkin tike ya gyara murya ya fito da makullin daga aljihu. Ya ce kwamiti ya zauna, sun ga ya dace a tabbatar mini da ɗakin, tunda ni ɗan zamani ne, kuma abin da ya wuce ya wuce, sun yafe wa mamaci. Ya miƙo mini. Na dubi makullin, da ɗan zaren kaba da Kawu ya ɗaura masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na buɗe ƙofar da aka shiga aka canza shanun nan. Kawu bai sani ba sai da aka gama. Ya rufa mini asiri ne, na bar shi ya mutu da abin."

Sai makiyayin nan ya karkato kai daga ƙarshen tabarma ya ce, "Me ya ce?" Ba wanda ya maimaita masa. Dole na juya na fuskance shi, na sake faɗa daga farko da ƙarfi, har matan cikin gida suka ji. Sannan ya ce tsohon nan sau bakwai yana zuwa gidansa, ya kai shi asibiti, ya zauna da shi a gindin bishiya, bai taɓa ce masa shi Kawu ya yi daidai a ranar bijimin ba, bai kuma taɓa ce masa ya yi kuskure ba. Ya ɗauki sandarsa ya yi sallama. Sarkin tike ya mayar da makullin aljihu.

Da na shiga cikin gida, Inna tana zaune a kan tabarmar takaba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ya sa ni na rantse ba zan faɗa ba. Wata huɗu ina zuba maka tuwo ina jiran ka faɗa yana ji."

Har yau ban san yadda zan auna ranar bijimin ba. Da Kawu ya ɗage dokar na awa ɗaya, wataƙila da mutumin nan yana ji da kunnuwansa biyu. Ni da na ɗage ta, mace da marayunta sun rasa abin da suke ci. Na je rugar shekaranjiya na faɗa mata gaskiya, ta saurare ni tana tankaɗe, ta tambaye ni ko hakan zai dawo da su, na ce a'a. Kwamiti ya karɓe izinina, sun ce za su zauna a kaina bayan addu'ar arba'in, kuma duk abin da suka yanke na ɗauka. Rajista na nan tana aiki a kan dokar Kawu, ba a canza ko harafi ba.

Na rubuta wannan ne don a karanta a kasuwannin da maganar ta zaga, a Zango da Mashi da duk inda aka kira sunansa da sata. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa abin da ke tsakaninsa da Shi. Ku kuma da kuka tsaya a gaban makararsa kuka ce kun yafe masa shanun nan, ku zo ku karɓi yafiyarku, ba shi da buƙatarta. In akwai wanda zai iya, ya ba ni ita.